Ba a fafe gora ranar tafiya: mintoci goma a gindin mota kafin a kama hanya

 

Yau ba maganar farashin aya ko ta taki za mu yi ba. Maganar mota ce, kuma za mu fara da abin kunyar da ya same mu mu da kanmu, don kada wani ya ce mun hau kujera muna yi wa mutane wa'azi.

A bazarar da ta wuce mun fita ɗaukar rahoto wani ƙauye da ke arewa da gudron, tsakanin Agye da Gazawa. Mu uku ne cikin tsohuwar Corolla ta abokin aikinmu. Da za mu shiga rairayi sai munka rage iskar tayu, kamar yadda kowa ke yi don kada mota ta kafe. Da munka gama aiki, maigari ya roƙe mu mu ɗauki wata mata da ke naƙuda tun daren jiya, an ce a kai ta babban asibiti. Ta shiga ita da uwar mijinta. Munka fito, munka hau gudron da rana tsaka, kowa hankalinsa na kan mai naƙuda, babu wanda ya tuna da iskar da munka rage. Ba mu yi nisa ba tayar baya ta fashe. Allah ya tsare, abokinmu bai danne birki da ƙarfi ba, ya lallaɓa har munka sauka gefen hanya.

Munka buɗe bayan mota. Safaya na nan, amma babu iska a cikinta ko ta busa balan-balan. Kirik na nan, amma ƙarfen da ake juya shi babu, wai an ara tun watanni ba a maido ba. Fiye da awa guda muna tsaye cikin rana, matar nan tana nishi a kujerar baya. Tsohuwar ta dube mu ta ce: "Ɗiyana, ku da kunka yi lakwal, ba ku duba takalmin motar ba kahin ku ɗauko mu?" Babu wanda ya iya ba ta amsa. Daga baya wata Hiyas ta tsaya, fasinjoji biyu sunka ba su wuri. Washegari munka ji ta sauka lafiya, ita da jaririyar. Mun gode Allah. Amma tambayar tsohuwar nan har yau tana bin mu.

Ga abin da muke son faɗi. A ƙasarmu mota ba ta mai ita ba ce shi kaɗai. A ƙauyen da ke da mota ɗaya ko biyu, ita ce motar ɗaukar mara lafiya, ita ce ta kai amarya, ita ce ta kai buhunan aya da wake kasuwa, ita ce ta zuwa gaisuwar mutuwa. Duk wanda ya shiga motarka ya ba ka amanar ransa, kuma ba shi da hanyar sanin ko birkinka na kamawa. Kai ke da wannan hanya. Shi ya sa muke ganin duba mota a gida kafin a tashi haƙƙi ne da mutane ke bin mai mota, kamar yadda ake bin mai rijiya ya rufe bakinta saboda yara.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce mutane kimanin miliyan 1.19 ke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya, kuma idan aka auna da yawan jama'a nahiyar Afirka ce ke kan gaba, alhali mu ne masu ƙarancin motoci. Ba duka ne laifin lalacewar mota ba, akwai gudu, akwai barci, akwai lodi, akwai ramuka. Amma duk wanda ke bin babbar hanya ta ƙasa mai lamba 1, daga Gidan Rumji zuwa Tibiri, ko daga Cadawa zuwa Agye har Gazawa da Tasawa, ya ga ɓarɓashin tayu a gefen gudron, ya ga mota an ɗaga kapo tana tururi, fasinjoji na zaune gindin gawo suna jira.

Mu tuna irin motocin da muke hawa. Yawancinsu sun gama ƙuruciyarsu a Turai kafin su iso mana ta Kwatano. An ƙera su don ƙasashen sanyi da hanyoyi masu santsi, mu kuma muna sa su cikin zafin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40, da ƙurar hunturu, da rairayi, da lodin da ya ninka abin da anka yi su dominsa. Tun bayan 26 ga Yulin 2023 da rufe iyakoki da ya biyo baya, musamman ta Benin, kayan gyara sun ƙara tsada, wasu ma sai an yi jira. Injin da ya ƙone yau ba kamar na shekaru biyar baya ba ne, yana iya ajiye mota shekara guda a ƙofar gida kaji na ƙwai a ƙarƙashinta. To wanda ke da tsohuwar mota a irin wanga lokaci ya fi kowa bukatar ya san halinta.

Abin da za mu lissafa ba ya bukatar kwalin makaranta. Ido ne, da tsumma, da minti goma da safe kafin a tayar da inji.

Mu fara da taya, tunda ita ta kunyata mu. Taya mai ƙarancin iska tana lanƙwashewa a gefe duk juyin da ta yi, lanƙwasar nan ke haifar da zafi, zafin ya haɗu da na gudron har zaren cikinta ya saki. Wannan shi ne ya same mu. Duk wanda ya rage iska don rairayi, to ya ɗaure wa kansa cewa ba zai yi gudu a gudron ba sai ya tsaya wurin mai faci na farko. Iskar da ta wuce kima ita ma matsala ce: taya ta yi tauri, ba ta kama ƙasa sosai, rami kaɗan ya fasa ta. Masu faci da yawa da ɗan yatsa suke awo, ko su buga ƙarfe su saurari ƙara. Ba raini ba ne, amma yatsa ba ya bambance bar 2 da bar 3. Awon da ya dace da motarka yana rubuce a wata ƴar takarda jikin ƙofar direba ko cikin murfin tankin mai. Ga ƙananan motoci yawanci tsakanin bar 2 ne da 2.5, wato wajen 30 zuwa 35 a ma'aunin da ake kawowa daga Najeriya. Lambar da ke jikin tayar kanta iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba ita ake bi ba. A auna da safe taya na sanyi. In ka yi tafiya ta yi zafi awon zai hau, kada ka rage, in ta huce za ta koma daidai. Ƙaramin ma'aunin iska bai kai kuɗin kaza ba, kuma yana shiga aljihu.

Sannan taya tana da ranar haihuwa, mutane da yawa ba su sani ba. A gefenta akwai rubutu da ya fara da DOT, a ƙarshensa lambobi huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2316, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2016. Kamfanonin taya irin su Michelin suna ba da shawarar a riƙa sa ido sosai kan taya in ta kai shekara biyar, kuma in ta kai goma a cire ta ko da zanenta bai cinye ba, don roba tana bushewa. A ranar ƙasarmu tana bushewa da wuri. To in za ka sayi tayar okaziyo, kada ƙyallin da anka shafa mata ya ruɗe ka, juya ta ka karanta shekarunta. Duba tsagewa a gefe, duba ƙulu kamar ƙurji. Taya mai ƙulu ta riga ta mutu, ranar jana'iza kawai ake jira. Cikin ramin zanen taya akwai ƴan tudu ƙanana da ke nuna milimita 1.6, in zanen ya yi daidai da su ta gama aiki. In gefe ɗaya ya fi cinyewa, ƙafar motar ta karkace, sai wurin makanike. Kafin doguwar tafiya a gwada notocin ƙafa da makulli. Sai safaya: a auna ta duk ranar da anka auna sauran, a tabbata kirik da ƙarfensa da makullin noti suna nan. Wanda ya ari kayan motarka ka bi shi ya maido a ranar.

Na biyu ruwan inji. Ana duba shi da safe inji na sanyi, a ƴar farar robar da ke kusa da radiyatar, wadda wasu ke kira lagireto. Akwai zane biyu, na ƙasa da na sama, ruwa ya tsaya tsakaninsu. Kada a taɓa buɗe murfin radiyatar inji na zafi. Ruwan ciki a matse yake, zafinsa ya wuce na tafasasshen ruwan tukunya, in ya samu ƙofa fuska yake nema. Kowa ya san wani karen mota mai tabon ƙuna a hannu ko a ƙirji ta wannan hanya. Mu da yawa ruwan rijiya muke zubawa. Dubi cikin butar shayin gidanku, farin abin nan da ke manne mata, shi ne ke taruwa cikin ƴan siraran hanyoyin radiyatar har su toshe, ga tsatsa kuma. Ruwan radiyatar na kanti, mai launin kore ko ja, yana hana tsatsa kuma yana jure zafi. In babu hali, tataccen ruwa irin na batir ko tsabtataccen ruwan sama sun fi na rijiya. In a daji ne kuma ruwa ya ƙare, ko wane ruwa mai tsabta ya fi babu, amma a jira inji ya huce. In kullum sai ka ƙara ruwa, wani wuri na yoyo. Matsa tiyo da hannu, in ya yi laushi kamar tuwo ko ya tsattsage, lokacinsa ya yi. Dubi bel ɗin da ke juya famfon ruwa da cajin batir, in ya tsage ko yana kuka da safe kada a kai shi Damagaram. Gaban radiyatar kuma ƙaiƙayi da fara da ƙarangiya na toshe shi, musamman da kaka, a wanke a hankali. In kana tafiya allurar zafi ta hau ja, tsaya nan take ka kashe inji. "Bari mu ƙarasa Agye" ita ce kalmar da ta fi kowace cin injuna a hanyar nan.

Na uku baƙin mai. A ajiye mota wuri mai daidai, inji a kashe. A zare sandar awo, a goge da tsumma, a maida ta har ƙarshe, a sake zarowa. Mai ya tsaya tsakanin alamun biyu. In ya gaza a ƙara kaɗan-kaɗan, in ya wuce shi ma yana ɓarna. Murza shi tsakanin yatsu, in ka ji tsakuwa-tsakuwa ya gaji. In ka ga ya koma kalar shayi da madara, ruwa ya shiga cikinsa, galibi gasket ɗin kan inji ne ya ƙone, wanda makanikai ke kira juwan-kilas, kada a tayar da motar. Masu ƙera motoci da kansu suna cewa a wurin ƙura da zafi a rage tsawon lokacin juye, shi ya sa makanikai da yawa ke cewa a yi bidanj wajen kilomita 5,000, a canza filtar mai tare da shi. Mun san agogon kilomita na motoci da yawa ya daɗe da tsayawa. To a sayi ƙaramin kaye irin na ƴan makaranta a ajiye cikin mota, a rubuta ranar juye da irin man da anka zuba. Game da man da ake aunawa a kwalba bakin hanya, ba ka san asalinsa ba, kuma araha ba ta ado. Wanda anka juye kuma kada a zubar kusa da rijiya ko inda dabbobi ke sha.

Kafin ka ja motar da safe, ɗan sunkuya ka dubi ƙasan inda ta kwana. Rairayin gidanmu ba ya ɓoye sirri. Baƙin ɗigo baƙin mai ne, kore ko ja mai ruwa-ruwa na radiyatar ne, in kusa da taya ne kuma yana da santsi, a yi zargin man birki.

Na huɗu iskar da inji ke shaƙa. Filtar iska tana cikin wani baƙin akwatin roba, yawanci da hannu ake buɗe shi. Da hunturu a fito da ita duk mako a kakkaɓe a hankali, a ɗaga ta wajen rana. In haske ba ya ratsawa ta cika, in ta yage ta tashi aiki. Ta takarda ba a wanke ta da ruwa. Filtar da ta toshe tana rage wa mota ƙarfi. Abin da ya fi muni shi ne a cire ta a jefar wai don mota ta numfasa. Ƙurar da ta shiga inji ta gauraya da mai, aikin dutsen niƙa take yi wa ƙarfe, bayan wata ƴan kaɗan sai ka ga hayaƙi mai shuɗi a baya. Haka nan man da muke sha. Tun da Najeriya ta cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 harkar ruwa-ruwa ta canza, amma a ƙauye har yanzu kwalba da jarka ne gidan mai, kuma lokacin ƙarancin isansi na watan Maris 2025 har ƴan birni sun koma gare su. In dole ta sa, a ɗaga kwalbar a duba gindinta, ruwa da datti ƙasa suke kwanciya, a tace da tsabtataccen ƙyalle. Kuma a daina yawo da tanki a bushe kullum, famfon mai na motocin zamani cikin tanki yake, man ne ke sanyaya shi.

Na biyar birki, kuma nan babu wasa. Robar man birki tana ƙarƙashin kapo ta wajen direba. In man ya ragu a hankali, takalman birki ne ke cinyewa. In ya ragu da sauri, yoyo ne, motar ba ta fita. A murfin an rubuta irin man da take sha, DOT 3 ko DOT 4, shi kaɗai za a zuba. Mun sha jin direbobi na alfahari wai sun zuba ruwan omo sun iso gida. Sun iso ne don kwanansu na gaba, ruwa na tafasa in birki ya yi zafi, ƙafa ta tafi ƙasa babu abin da ya kama. Gwaji mai sauƙi: tayar da inji, taka birki ka riƙe. In ya tsaya da tauri, madalla. In yana nutsewa sannu-sannu ko ya yi laushi kamar soso, ko sai ka yi ta famfo kafin ya kama, kashe motar ka kira makanike ya zo gida ya same ta. In kana jin ƙarfe na cin ƙarfe lokacin tsayawa, takalmi ya ƙare. Birkin hannu shi ma a gyara shi. Dutsen da karen mota ke sawa bayan taya ba birki ba ne.

Na shida batir da fitilu. Farin garin nan da ke taruwa a kan batir yana hana wuta wucewa, sai a yi ta tura mota ana zagin batir alhali lafiyarsa lau. A cire waya mai alamar ragi da farko, a jiƙa ƴar kanwa a ruwa a goge kawunan da tsohon buroshi, a kula kada ruwan ya shiga cikin batir ko ya taɓa ido, a busar, a ɗaure da kyau, wayar ragi a ƙarshe. Batir mai murafu zafi na shanye ruwansa, a ƙara tataccen ruwa kawai. Fitilu kuwa sa yaro ya tsaya baya ya gaya maka in ta birki da sigina sun kama. Mota mai ido ɗaya da dare, mai tahowa babur yake zato, sai ya matso ya tarar da rabin mota a gabansa. Ga amalanken shanu da na jakuna da ke komawa gida daren kasuwa babu ko ƙyalli a bayansu. Wanda fitilarsa ba ta gani nesa, sai ya zo kansu zai gan su.

Akwai kuma ƴan fitilun allon gaban direba, waɗanda wasunmu ke liƙe wa hoto ko sitika don kada su dame su. In ka murza makulli kafin inji ya tashi ya kamata duka su kama, in ya tashi su mutu. Wadda ba ta kama ba sam, ko ta ƙone ko an cire ta, mai sayen mota ya lura da wannan. Mai ruwan ɗorawa tana cewa ka je a duba. Ja tana cewa tsaya. In mai kamar butar mai ta kama ja kana tafiya, inji ba ya samun mai, minti kaɗan ya isa ya ƙone.

Damana in ta kusa, a canza robar share gilashi da rana ta busar. Masu bin hanyoyin kwarin Gulbin Maraɗi, wajen Tibiri da Gidan Rumji, sun san yadda ruwa ke yanke hanya. In ruwa ya kai bakin da inji ke shaƙar iska, inji ya sha, ƙarfen cikinsa lanƙwashewa yake. In mota ta mutu cikin ruwa kada a sake murza makulli, a tura ta waje. In an haye lafiya a ɗan tattaka birki a hankali ya bushe kafin a ƙara wuta.

Mun san abin da wasu za su ce, don mun sha ji a waya cikin shirye-shiryenmu. Na farko: "Malam, babu kuɗi." Gaskiya ne, kuma ba mu raina wannan magana. Direban da ke biyan mai mota balas kullum, ga mai, ga iyali, ba ya sayen sabbin tayu huɗu rana ɗaya. Amma dubawa kyauta ce, kuma ita ke ba talaka damar zaɓen abin da zai fara gyarawa. Tiyo ɗaya in an gan shi da wuri kuɗin cefane ne. In ya fashe a hanya ya ja gasket, ya ja kan inji, sai an sayar da tunkiya ko an jinginar da gona. Masu motoci da ke ba direbobi haya kuma su ji tsoron Allah. Direba ya ce maka taya ta mutu ka ce ya lallaɓa zuwa kaka, in abu ya faru kai ma da hannunka a ciki.

Na biyu: "Wannan aikin makanike ne." Wani kuma girma ne ke hana shi, Alhaji guda ya ɗaga kapo a ƙofar gida mutane na kallo? Sai a bar wa yaron da ke wanke mota. Makanike yana ganin motarka ne ranar da ta lalace, kai ke tare da ita kullum, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kakanninmu masu dawaki da kansu suke duba kofato da linzami kafin su hau, babu wanda ya ce girmansu ya zube. Hajiyoyi da malamai mata masu mota, ku ma wannan magana taku ce, sandar awon mai ba ta san namiji ko mace ba. Kuma wanda ya je gareji ya ce "ruwa na raguwa kofi ɗaya duk kwana biyu, ga inda nake ganin ɗigo" ya sauƙaƙa wa makaniken kirki aiki, ya kuma rufe wa na banza ƙofa. Wanda ya ce "tana wani irin ƙara" kawai, sai abin da anka gaya masa.

Amma a san iyaka. Kwance birki, sitiyari, bel ɗin cikin inji da wayoyin motocin zamani masu kwamfuta, duk a bar wa masu sana'a. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da kirik kaɗai ke riƙe da ita, balle a kan rairayi.

Na uku, wanda ya fi nauyi: "Abin da Allah ya rubuta babu makawa." Mun yarda. Amma babu ɗayanmu da ke barin garken awaki a buɗe da dare ya ce ƙaddara, babu mai barin rumbu babu rufi da damana. A mota kaɗai muke tuna wannan magana, bayan mun ga zaren taya a waje mun ɗora mata mutum ashirin da buhuna. Malamanmu sun sha faɗa mana cewa dogaro ga Allah yana tafiya tare da yin abin da ke hannunka.

Hukuma ma tana da nata. Akwai ANISER mai kula da kiyaye haɗarin hanya, akwai jandarmomi, akwai bizit teknik. Muna roƙon a riƙa duba taya da fitila kamar yadda ake duba takardu, a sa ido kan jabun kayan gyara, a cike ramuka. Sai dai takardar bizit shaidar ranar da anka duba ce kawai, ba ta san abin da ya faru da tayarka jiya a hanyar Gangara ba. Ga shugabannin sindika na tashoshin Agye, Cadawa, Gazawa, Tibiri da Gidan Rumji, muna da roƙo ƙarami: a sayi ma'aunin iska ɗaya a ajiye wurin mai rubuta lodi, motar da za ta ɗauki fasinja a auna tayunta, a ga safayarta da ido. Fasinja kuma yana da ikon zagaya mota ya duba kafin ya biya. In ya ga abin da bai gamshe shi ba ya jira ta gaba, kada a yi masa dariya. Ƴan kabu-kabu, kada ku ce ba da ku ake ba: iska, sarƙa, baƙin mai, birki da fitila, kowace safiya.

Mu dai tun daga ranar nan akwai ma'aunin iska da famfon ƙafa a motar abokin aikinmu, da kaye a cikin akwatin gaba, kuma ba ma fita rahoto sai ɗayanmu ya taɓa safaya da hannunsa. Gobe da safe, kafin ka murza makulli, zagaya motarka sau ɗaya, ɗaga kapo, kira ɗanka ko ɗiyarka su tsaya kusa su ga yadda ake yi. Ba ka san wanda zai buga maka ƙofa da tsakar dare ba.

Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.